Ƙwan Fitilar da Ya Fi Tanderu Zafi

Shagona a ƙarƙashin matakalar bene yake. Ba taga, sai ƙofa ɗaya mai kallon bangon maƙwabta, wanda ya shigo daga rana sai ya tsaya ya ƙifta ido kafin ya gan ni. A nan na tsufa. Ni ba telan sabon ɗinki ba ne, wannan na bar wa masu sauran ƙarfin baya. Aikina gyara ne: kwat da asu ya ci, wandon da ƙusa ta kama, hannun rigar da tartsatsin taba ya huda. In na gama, mai kaya ya juya ya sake juyawa ya rasa inda ramin yake, to ranar abinci ya fi yi mini daɗi. Sirrin aikin kuwa ba a allura yake ba, a zare yake. In launin zare ya kauce wa na yadi ko da kaɗan ne, daga tsallaken titi gyaran zai riƙa kiran mutane su zo su kalle shi.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne idona ya fara yi mini wasa. Ba wai ba na gani ba, har gobe ina zura zare a allura ba tare da neman taimako ba. Launi ne ya fara ruɗa ni. A ƙarƙashin jan ƙwan fitilar nan da muka taso da shi, baƙi da shuɗi mai duhu sun koma mini uwa ɗaya uba ɗaya. Na gane haka ne ranar da wani lauya, tsohon abokin cinikina, ya dawo da wandonsa ya ɗaga shi a bakin ƙofa inda rana take. Baƙin zare ne ɓaro-ɓaro a kan shuɗin yadi. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ya ce, "Baba, ko dai gajiya ce?"

Washegari na je wajen mai kayan wuta na ce ya ba ni ƙwai mai farin haske, irin na tsakar rana. Ya ba ni huɗu, na jera su a saman teburin yanka. Da na kunna sai na ga duniya ta dawo sabuwa. Baƙi ya koma gidansu, shuɗi ya koma nasu. Lauyan ma ya sake gwada ni, ya kawo mini kwat ɗin mahaifinsa marigayi, shuɗi mai duhu, asu ya yi ɓarna a kafaɗa. Ni da shi mun san cewa in wannan ya lalace, ba zai sake takowa ba, kuma bakin lauya ba ya tsayawa a mutum ɗaya.

To, a nan mai gidan da nake haya ya shigo maganar.

Kowa Mai Burodi yake ce masa, ko da yake rabonsa da kwaɓi an daɗe. A gidan burodi ya yi rayuwarsa, ya fara da tanderun itace, ya ƙare da na ƙarfe irin waɗanda ake kawowa daga waje, masu agogon zafi da ke ƙirga Faranhait. Wannan ma'aunin ya shiga jininsa. In an ba shi shayi ya kurɓa sai ya ce, "Wannan bai kai ɗari da sittin ba." In jika ya yi zazzaɓi ya dafa goshinsa ya ce, "Ɗari da biyu, ku kai shi asibiti." Wata shekara gidan burodin ya kama da wuta. Ya fito da ransa, da tabon ƙuna daga wuyan hannun hagu har gwiwar hannu, bai sake taɓa fulawa ba. Da abin da ya tara ya gina wannan gida, shi da iyalinsa a sama, mu 'yan haya a ƙasa. Dokarsa ɗaya ce, wuta. Ba risho a shago, ba taba, ba kyandir. Ni guga ma a bakin ƙofa nake yi, yana leƙo ni daga bene. Kowace safiya yana zagaye shagunan yana shinshina soket kamar mai neman mataccen ɓera.

A irin wannan zagayen ne ya tsinci kwalin ƙwan a kwandon sharata. Ya nisanta shi da fuskarsa, ya matso da shi.

"Tela, wannan lambar fa? Dubu shida da ɗari biyar, ga K a bayanta."

"Wa ya sani? Wataƙila lambar kamfani ce."

"Kamfani ba ya rubuta abu a banza."

Ya ciro waya ya kira autarsa, wadda take aiki a ɗakin gwaje-gwajen wani kamfanin ruwa. Shi ba ya kara waya a kunne, buɗe ta yake yi kowa ya ji.

"Auta, in aka rubuta lamba aka sa K a bayanta, me ake nufi?"

"Kelbin ke nan, Baba. Ma'aunin zafi ne na masu kimiyya."

Ya dube ni, na dubi almakashina.

"To dubu shida da ɗari biyar nawa ke nan a namu?"

"A Faranhait? Tsaya." Muna jin ƙarar wani inji a bayanta. "Dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu da arba'in. Baba, ina tsakiyar aiki, zan kira ka."

Ta kashe. Mai Burodi ya ɗaga kai ya kalli ƙwayayen nan huɗu, sannan ya fita daga shagon da baya da baya, sai da ƙafarsa ta taka waje sannan ya tsaya.

"Tela, a ɗari huɗu da hamsin burodi yake gasuwa. A ɗari shida ya zama gawayi. Tanderun da ya yi mini wannan," ya ɗaga hannun hagu, "bai kai dubu ba. Kai kuma ka rataya dubu goma sha ɗaya, har sau huɗu, a ƙarƙashin gadona, a saman tulin yadi."

Na ja kujera na hau, na damƙe ƙwai ɗaya da hannuna yana kunne. "Duba nan, maigida. Ɗumi ne kawai, kamar tafin jariri."

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ya yi wata dariya da ba ta kai ciki ba.

"Ka taɓa dafa ƙofar tanderu mai kyau daga waje? Sanyi ƙalau, yaro ma zai jingina ya yi barci. Buɗe ka gani. Sun kulle wutar a ciki ne da wannan 'yar robar. Ranar da robar ta tsage fa?"

Gaskiya ni ma ban san me ke cikin robar ba.

"Mun daɗe tare," in ji shi, "ba na son mu ɓata. Amma kafin ƙarshen wata, ko ƙwayayen nan su fita, ko ku fita tare."

Ban tsorata ba. Na yi yawon duniya da keken ɗinkina kafin in zauna, na yi wa 'yan jirgin ruwa ɗinki, na yi wa 'yan sanda, na yi wa ɓarayi ma ban sani ba sai daga baya. Abin da na koya shi ne mai tsoro ba a yi masa gardama. Nuna masa ake yi cewa abin da yake gudu ya daɗe da zama a ɗakinsa, bai cinye shi ba. Na bar shi ya huce, sannan da ya zo zagayen safe na tare shi da fara'a.

"Maigida, lissafin nan na Auta ya burge ni. Ko ka san yadda ake yinsa?"

Ashe ya riga ya sake kiran ta ya sa ta koya masa. Mutumin da ya koyi sabon abu da tsufa kuwa, ba abin da yake so kamar a tambaye shi. Ya manta da tsoro ya shigo har teburina, ya ɗauki allin da nake zana yadi.

"Su masu kimiyya daga ƙarshen sanyi suke fara ƙirga, inda babu sauran ɗumi ko na ƙwayar zarra. Shi ya sa lambarsu take da yawa. Inda ruwa yake zama ƙanƙara, mu talatin da biyu muke cewa, su kuma ɗari biyu da saba'in da uku. To sai ka fara cire musu wannan." Ya rubuta a kan katakon. "Abin da ya rage ka ninka shi sau tara, ka raba biyar, don takunsu ya fi namu faɗi. Sannan ka mayar mana da talatin da biyunmu. Shi ke nan, ya shigo gida."

"Kai, ashe malami muke zaune da shi. Mu gwada da wata lambar mana. Bari in duba na matakala."

Na riga na duba tun jiya. Na hau na karanto masa abin da ke jikin ƙwan: dubu uku, da K ɗinta. Ya sunkuya yana lissafi, leɓensa yana motsi, alli yana ƙara.

"Dubu huɗu da ɗari tara da arba'in," in ji shi a hankali.

"Ikon Allah. Kuma irinsa ne a ɗakinka, ko? Shekara nawa kana barci a ƙarƙashinsa?"

Na jingina da bango ina jiran ya yi dariya ya ce ashe ba komai. Bai yi dariya ba. Ya ajiye allin, ya goge hannu a riga, ya fita. Jim kaɗan na ji ana jan tsani a kan siminti.

Da safe sai ga matarsa ta sauko tana ɗingishi, babban yatsan ƙafarta naɗe da ƙyalle. Mace ce mai dariya da yawa, amma ranar ba ta zo da ita ba.

"Tela, kai ne ka kunno shi?"

"Ni, uwargida? Me ya faru da ƙafar?"

"Ƙafar gado ta gaishe ni. Ƙwai ko ɗaya bai bar mana ba, har na banɗaki. Na cikin firij ma sai da ya ciro ya duba. Da lalube muka ci abinci, na zuba masa sukari a miya, ya shanye bai ce uffan ba don ya san laifinsa. Ya ce wai kai ka buɗe masa ido."

"Wallahi rufe masa na yi niyyar yi."

"To ka ɗinka abin da ka farke. Tun da sassafe ya fita neman irin na da."

Kafin azahar ya dawo da buhu a kafaɗa. Ya zagaye kasuwa sai da ya samo tsofaffin ƙwayayen gilashi, masu siririyar waya a ciki, waɗanda mutane suka daina saye. Ya nuna mini kwalin ta kowace fuska, yana murmushin wanda ya ci nasara.

"Duba da kyau. Ka ga K?"

"Ban gani ba."

"Ka ga na mutunci ke nan. Ga huɗu naka, kyauta. Ba sai mun jira ƙarshen wata ba."

Na karɓa na gode, na ajiye su a ƙarƙashin tebur. Da ya tafi na kunna ɗaya na gwada, na ɗora zare biyu a kan kafaɗar kwat ɗin lauya. Na duba, na sake dubawa. Ko da za a yanka ni ban san wanne ne shuɗin ba. Na kashe na mayar da nawa, na ja ƙofa rabi.

Uwargida ce ta kira Auta ta ce in ba ta zo ba ranar hutunta, ta nemi wata uwar. Ta zo da hantsi, ta same mu ni da uwargida a shagona, uban yana tsaye a bakin ƙofa ya ƙi shigowa. Da aka miƙa mata kwalin farin ƙwan ta karanta, ta kalli ubanta, sai dariya ta kama ta har ta zauna a kan bandir ɗin yadina.

"Baba! Ƙwan fitila ne dama? Me ya sa ba ka ce mini ƙwai ba ne?"

"Ke da bakinki kika ce ma'aunin zafi ne. Ko lissafin naki ne ba daidai ba?"

"Lissafi daidai yake, ko yanzu haka zan ba ka. Amma ba zafin ƙwan suke faɗa ba. Launin haskensa suke faɗa."

"Launi da digiri? Gobe kuma a auna mini tsawon mutum da cokali."

Na ga ransa ya fara ɓaci, don ba uban da ke son 'yarsa ta yi masa dariya a gaban ɗan haya. Sai na sa baki.

"Maigida, ni tambaya gare ni. Lokacin tanderun itace, kafin a kawo masu agogo, da me kake sanin wuta ta yi?"

"Da ido mana." Ya ɗan saki fuska. "Garwashi in yana ja mai duhu, da saura. In ya koma ruwan lemo, ka shirya kwaɓi. In ka ga ya fara fari, ja da baya, girarka za ta tafi."

"Shi ke nan, Baba, ka faɗa da kanka," in ji Auta. "Kowane zafi da launinsa. Masu yin ƙwai sai suka ari wannan. Suna cewa ne, hasken nan launinsa irin na abin da aka gasa ya kai dubu shida da ɗari biyar. Kwaikwayon launin kawai yake yi, babu wutar a ciki. In kana neman wanda wutar take ciki da gaske, ga su can ka cika gida da su. Siririyar wayar nan sai ta kai wajen dubu biyu da ɗari bakwai a Kelbin kafin ta ba da haske."

Ya miƙo hannu daga bakin ƙofa, na sa masa alli. A jikin ƙofar ya yi lissafin, ya cire, ya ninka, ya raba, ya ƙara.

"Dubu huɗu da ɗari huɗu," in ji shi. Ya daɗe yana kallon lambar. Sannan ya juyo ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ni da 'yarsa da matarsa. "Kun haɗa baki. Wanda aka rubuta wa zafi ba shi da zafi, wanda ba a rubuta wa ba shi ne mai zafi. Yaro kuka samu? Kai kuma, Tela, me ya sa ka nace? Haske ai haske ne. Shekaru nawa kana ɗinki da ja ba ka mutu ba?"

Dabara ta ƙare, na sani. Sai na buɗe akwatin zare na ɗauko biyu.

"Uwargida, Auta, abin da zan faɗa ya tsaya a nan." Na kashe fararen, na kunna nasa. "Maigida, ɗaya baƙi ne, ɗaya shuɗi. A wannan hasken ni ban san wanne ne wanne ba. Idon ya fara tafiya ta wajen launi. Na riga na ɓata wa mutum wando. Wancan kwat ɗin da ke rataye shi ne gwajina na ƙarshe a wajensa. In ka cire fararen nan, ba shago ka raba ni da shi ba, sana'a ka raba ni da ita."

Mai Burodi ya shafa tabon hannunsa, abin da yake yi in yana tunani. Shi ya san yadda mutum yake wayar gari ba shi da sana'a.

"Me ya sa ba ka faɗa ba tun farko?"

"Kai ka taɓa gaya wa wani cewa tsoron tanderu kake yi?"

Uwargida ta ja numfashi. Na ɗauka na wuce gona da iri. Amma sai ya gyaɗa kai kawai.

"Ni ba na yarda da baki," in ji shi, "ko na 'yata ne. Amma akwai abin da na sani. Ƙofar tanderu tana sanyi, gaskiya ne. Duk da haka ba wanda ya taɓa tsayawa a gidan burodi bai yi gumi ba. Zafi ko an kulle shi sai ya nemi hanya. In akwai dubu goma sha ɗaya a cikin robar nan, in na rufe ta a gwangwani, gwangwanin zai faɗa mini."

"Baba, wannan ai gwaji ne sosai," in ji Auta. "Da a wajenmu kake da an ba ka farar riga."

"Rufe mini baki, je ki ɗauko mini akwatin ƙarƙashin gado."

A cikin akwatin akwai ma'aunin zafin tanderunsa, mai allura kamar agogo, gefe ɗaya ya yi baƙi. Shi kaɗai ya fito da shi daga gobarar, yana aljihunsa ranar. Ya samo babban gwangwanin madara, ya huda murfin ya zura wayar wuta da za a ɗaura wa ƙwai, ya huda gefe ya sa ma'aunin. A tsakar gida ya ce za a yi, nesa da yadi, kuma sai da ya ajiye bokitin yashi a kusa. Muna cikin shiri sai ga uwargida ta sauko da faranti: fulawa, yis, ɗan gishiri, ruwa a kofi.

"Wannan fa?" in ji shi.

"Allura tana iya ƙarya, ta tsufa kamar mai ita. Kwaɓi ba ya yi. Kai ka sha gaya mini."

Ya kalli farantin kamar wanda ya haɗu da tsohon abokin da suka ɓata. Na ɗauka zai ce a mayar. Sai ya naɗe hannun riga, ya wanke hannu, ya zuba ruwan a tsakiyar fulawar. Da farko yatsun sun yi nauyi. Can sai hannun ya tuna, ya riƙa turawa da gindin tafi yana naɗowa, yana juyawa, ko kallon abin ba ya yi. Ya raba biyu, ya mulmula kowanne kamar ƙwan kaza.

Da farin ƙwaina aka fara, ya ɗaura shi a cikin gwangwanin. Ya sa ƙwallon kwaɓi ɗaya a ciki, ya rufe, ya ce kowa ya ja da baya, ya kunna da tsinin sanda. Muka tsaya muna kallon gwangwani kamar masu jiran haihuwa. Allurar ta motsa a hankali, ta haura ɗari da kaɗan, ta tsaya. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ba ta ƙara ba. Muka jira har Auta ta gaji ta nemi wurin zama, uwargida ta je ta duba tukunya ta dawo. Allura tana nan inda take.

Ya buɗe murfin. Kwaɓin ya kumbura ya yi sumul, fari fat. Ya danna shi da yatsa, ramin ya taso a hankali.

"Wannan ba gashi ba ne," in ji shi. "Ɗumin tashi ne. Kuma ya tashi da kyau, ɗan banza."

"To saura na mutuncin," in ji uwargida.

Ya harare ta, ya sauya ƙwai, ya sa ɗaya daga cikin nasa na gilashi, ya mayar da murfi a kan wannan kwaɓin da ya tashi. Wannan karon allurar ba ta yi nawa ba. Ta wuce ɗari da hamsin, ta wuce ɗari biyu. Auta ta kai hannu kusa da gwangwanin ta janye da sauri. Da ta doshi ɗari uku sai wani ƙamshi ya fara zagaye tsakar gidan, har mai askin da ke shagon gefe ya leƙo da reza a hannu yana tambaya ko an buɗe gidan burodi ne ba a gaya masa ba.

Mai Burodi bai kula shi ba. Ya durƙusa a gaban gwangwanin, ba ya kallon allura ma, hancinsa yake bi. Can ya kashe, ya ɗage murfin da gefen riga, ya ɗauko abin da yatsu uku yana jujjuya shi daga hannu zuwa hannu. Ɗan ƙaramin burodi ne, samansa ya yi ja, ƙasansa fari.

"Wutar sama ta yi yawa, ta ƙasa babu," in ji shi. "Da yarona ne ya kawo mini wannan, da na kore shi."

Ya gutsura ya ba matarsa, ya ba 'yarsa, ya ba ni, ya ci guntun da ya rage. Uwargida ta juya baya tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa.

"Dubu huɗu da ɗari huɗu," in ji shi yana kallon ƙwan gilashin. "Kuma ni na hau tsani na rataya shi a saman labule." Ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. "Auta, riƙe mini tsani."

"A'a," in ji uwargida, "ni zan riƙe. Ina son in ga lokacin da za ka mayar da na banɗaki."

Da la'asar, bayan ya gama sauye-sauyensa, ya shigo shagona har ciki, ya tsaya a ƙarƙashin fararen ƙwayayen yana kallon yadda nake cike kafaɗar kwat ɗin. Na ɗaga ido na dube shi, na dubi tsohuwar rigar sanyin da yake sawa kullum, wadda yake kira baƙar rigarsa.

"Maigida, ka san rigar nan taka shuɗiya ce?"

Ya sunkuya ya duba ƙirjinsa. Daga saman matakala muryar uwargida ta sauko: "Tun ranar da ya saye ta nake gaya masa!"

Lauya ya zo ya karɓi kwat ɗin mahaifinsa. Ya fita da shi rana, ya juya kafaɗar dama, ya juya ta hagu, ya dawo ya tambaye ni wacce ce ma asun ya ci. Na ce ya tambayi asun.

Guga dai har yanzu a bakin ƙofa nake yi, wannan dokar ba ta motsa ba. Kuma ƙwayayena uku ne yanzu, ba huɗu ba. Na huɗun Mai Burodi ya hau kujera ya kwance da hannunsa, ya ce a cikin gwangwani aikinsa ya fi kyau, bai taɓa samun abin da ke tayar da kwaɓi daidai irinsa ba. Na ce ya sayo nasa mana, ga mai kayan wuta can a bakin titi. Ya ce a'a, wannan ne ya gwada.